Shari'ar Falls Church: ikilisiyar Amurka da ta nemi inuwar Abuja ta rasa gininta

Ranar Lahadi 17 ga Disamba 2006 aka sanar da sakamakon ƙuri'ar da aka shafe mako guda ana kaɗawa a majami'ar The Falls Church da ke jihar Virginia, a gefen birnin Washington na Amurka. Mutum 1,228 suka ce a fice daga ɗarikar Episcopal, wato reshen Angalika na Amurka. Mutum 127 suka ce a zauna. Akwai tambaya ta biyu a takardar ƙuri'ar, ita ce kuma ta haifi shari'ar shekara bakwai: idan an fice, a tafi da gini da fili da kuɗin asusu? Nan ma fiye da kashi 90 cikin ɗari suka ce a tafi da su. A ranar ce maƙwabciyarta, majami'ar Truro da ke garin Fairfax, ta fitar da irin wannan sakamako. Daga baya ikilisiyoyi 11 na dayosis ɗin Virginia, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop ɗin Virginia, suka tsinci kansu a kotu kan magana ɗaya.

Ba su ce sun bar Angalikanci ba. Cewa suka yi uwar ɗarikarsu ce ta bar hanya, don haka za su koma ƙarƙashin wani reshen na Angalika. Reshen da suka zaɓa kuwa shi ne Cocin Nijeriya, wanda Akbishop Peter Akinola ke jagoranta daga Abuja a lokacin. Wannan zaɓi ya ba su bishop, ya ba su matsuguni a cikin dangin Angalika na duniya. Shi ne kuma ya karya musu hujjar da ta fi kowace ƙarfi a gaban alƙalai.

Sai an san wane irin gini ake magana a kansa kafin a gane zafin rigimar. An fara sujada a wurin tun shekarun 1730, lokacin Virginia na ƙarƙashin sarautar Ingila. Ginin jan bulo da ke tsaye yanzu an kammala shi a 1769. George Washington, kafin ya zama shugaban Amurka na farko, yana cikin dattawan da ke kula da gundumar cocin da wannan majami'a take ciki. A lokacin yaƙin basasa sojojin Arewa sun mayar da ita asibiti, daga baya har dawaki suka ɗaure a ciki. Garin ma gaba ɗaya sunan majami'ar ya ci. Ga maƙabarta a harabar, da kaburburan da suka haura shekara 200.

Amma tsohon ginin ƙarami ne, kuma ba tarihi ne ya cika shi da mutane ba. Rabaran John Yates ya karɓi ragamar ikilisiyar a 1979, mai wa'azin bishara ne da ke riƙe da Littafi Mai Tsarki a zahirinsa, a hannunsa kuma jama'a suka yi ta ƙaruwa har masu zuwa sujadar Lahadi suka kai wajen 2,000. A farkon shekarun 1990 suka gina sabon babban ɗakin sujada kusa da tsohon, da baikonsu da zakkarsu. Cikin masu zama a bencinan akwai manyan ma'aikatan gwamnatin Washington, irin su Michael Gerson mai rubuta wa shugaba George W. Bush jawabi. Ikilisiya ce mai mutane, mai kuɗi, mai lauyoyi a cikinta, ba wadda za a razana da takardar sammaci ba.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne keɓe Gene Robinson a matsayin bishop na New Hampshire ranar 2 ga Nuwamba 2003. Robinson namiji ne da a lokacin yake zaune a fili da abokin zamansa namiji. Babban taron ɗarikar ya amince da zaɓensa a watan Agustan wannan shekara a Minneapolis, kuma bishop ɗin Virginia, Peter Lee, yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Shekara biyar kafin nan, a taron Lambeth na 1998 inda bishop-bishop na Angalika na duniya ke haɗuwa, an zartar da ƙuduri da ƙuri'a 526 a kan 70 cewa luwaɗi bai dace da koyarwar Nassi ba. Ƙudurin Lambeth ba doka ba ce da ke ɗaure kowane reshe, domin Angalika ba su da Fafaroma. Akbishop na Canterbury ana girmama shi, amma ba ya iya tsige kowa a wajen Ingila. Kowane reshe na ƙasa mai cin gashin kansa ne. Wannan tsari ya yi aiki muddin ana jin kunyar juna. Da aka daina, sai aka ga babu wanda zai raba faɗa.

Mutanen Yates sun sha nanata cewa maganar Robinson alama ce kawai, asalin ciwon shi ne matsayin Littafi Mai Tsarki da kuma ko Almasihu ne kaɗai hanyar ceto. Ina ganin da gaskiyarsu a nan, don gardamar tauhidi ta daɗe tana ci a ɗarikar. Sai dai kuma shekara da shekaru suna zaune da bishop-bishop masu ra'ayoyin da suka fi wannan nisa ba su fice ba. Robinson ne ya sa aka kai ga akwatin ƙuri'a.

Yadda Abuja ta shigo

A dokar Angalika, ikilisiya ba ta tsayuwa ba bishop. Shi ke naɗa firist, shi ke ɗora hannu a kan waɗanda suka isa tabbatarwa, shi ke ba limami izinin tsayawa a bagade. Duk wanda ya bar bishop ɗinsa, dole ya nemo wani, in ba haka ba ya zama coci mai zaman kansa, ya daina amsa sunan Angalika. Wasu ikilisiyoyin Amurka sun nufi Ruwanda, wasu Yuganda, wasu Kenya, wasu Kudancin Amurka. Na Virginia yawancinsu suka nufi Nijeriya.

Akinola ba baƙon Arewa ba ne, ba kuma baƙon Virginia ba. Haifaffen Abeokuta ne, ya yi karatun tauhidi a kwalejin Bukuru kusa da Jos, ya yi aiki a Suleja, ya zama bishop na Abuja a 1989, sannan shugaban Cocin Nijeriya a 2000. Digirinsa na biyu kuwa a makarantar tauhidi ta Virginia da ke Alexandria ya yi shi, makarantar ɗarikar Episcopal, tafiyar mintuna kaɗan a mota daga Falls Church. A 2005 Cocin Nijeriya ya gyara tsarin mulkinsa, ya cire batun cewa zumuncinsa ya rataya ne a kan kujerar Canterbury, ya mayar da shi a kan koyarwa. A wannan shekara aka kafa CANA, wata ƙungiyar mishan ta Cocin Nijeriya a Arewacin Amurka. Da farko don 'yan Nijeriya mazauna can aka yi ta, amma ba a jima ba ƙofarta ta buɗe wa Turawan da ke neman mafita. A watan Agustan 2006 aka keɓe Martyn Minns, limamin Truro, haifaffen Ingila, a matsayin bishop a Abuja, aka mayar da shi Virginia ya jagoranci CANA. Wato wata huɗu kafin a kaɗa ƙuri'a, an riga an gina ɗakin da za a sauka.

Wannan ma karya al'ada ne. Rahoton Windsor na 2004, wanda aka rubuta don a sasanta rikicin, ya nemi Amurkawa su dakata da irin naɗin Robinson, ya kuma nemi bishop-bishop na waje su daina tsallaka iyakar dayosis ɗin wani. Kowane ɓangare ya karanta rabin da ya yi masa daɗi. Da Akinola zai je Virginia ya ɗora Minns a kan kujera a watan Mayun 2007, Akbishop Rowan Williams na Canterbury ya roƙe shi kada ya je. Ya je. A gefe guda kuma jaridun Amurka suka riƙa tambayar mutanen Falls Church da Truro game da goyon bayan da Akinola ya ba ƙudurin dokar hana auren jinsi da aka kai majalisar Nijeriya a 2006, mai hukuncin ɗaurin shekara biyar. Minns ya sha fama da wannan tambaya.

Da farko kamar za a rabu lafiya. Bishop Lee, mutum ne mai son sulhu, ya kafa kwamiti da ya tsara yadda ikilisiya za ta fice ta kuma yi ciniki da dayosis kan dukiya. Bayan ƙuri'a aka yi yarjejeniyar kwana 30 ba mai kai ƙara. Amma a watan Nuwamban 2006 sabuwar shugabar ɗarikar ta ƙasa, Katharine Jefferts Schori, ta hau kujera, ita kuwa matsayinta a fili yake: mutum na iya barin coci, amma ikilisiya ba ta iya ficewa da dukiya, kuma ba za a sayar wa masu ficewa gini su kafa kishiyar ɗarika a ciki ba. A watan Janairun 2007 dayosis ya ƙi sabunta yarjejeniyar, ya dakatar da limamai 21, ya shigar da ƙara. Uwar ɗarika ta biyo baya da tata. Dukansu suna karanta 1 Korintiyawa sura 6, inda Bulus ya tsawata wa masu bi kan kai ɗan'uwa gaban kotun duniya, kowa kuma na cewa ɗayan ne ya fara, tunda masu ficewar ma sun riga sun kai sakamakon ƙuri'arsu kotu don a yi masa rajista.

Dokoki biyu, gini ɗaya

Hujjar ɗarikar wata doka ce ta cikin gida da ta kafa a 1979, ana kiran ta da sunan Walter Dennis wanda ya tsara ta. A wannan shekara kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Jones da Wolf cewa alƙali ba zai shiga gardamar tauhidi ba, amma yana iya duba takardun mallaka da tsarin mulkin coci kamar na kowace ƙungiya, kuma ɗarika na iya rubuta a dokokinta cewa dukiyar ikilisiyoyi amana ce a hannunsu. Ɗarikar Episcopal ba ta yi wata-wata ba ta rubuta hakan. Ma'anar ta yi kusa da abin da muka sani na waƙafi: mai kula da wuri yana amfani da shi, yana gyara shi, yana iya faɗaɗa shi da kuɗinsa, amma ba ya iya sauya manufar da aka keɓe shi dominta ya tafi da shi.

Mutanen Falls Church suka ce a tsaya. Takardar filinmu ta farko ta 1746 ce, ɗarikar Episcopal kuwa sai bayan 'yancin kan Amurka aka kafa ta, a shekarun 1780. Sunan ɗarika ba ya cikin takardun a matsayin mai mallaka. Ba ta sa ko sisi a sabon ginin ba. Ta yaya wani zai zauna a babban taro ya rubuta cewa gidanka amanarsa ce, ba tare da ka sa hannu ba? Tambaya ce mai nauyi, kuma kotunan wasu jihohi sun karɓe ta.

Amma makamin da suka fi dogara da shi wata tsohuwar dokar jihar Virginia ce ta 1867, da aka yi bayan yaƙin basasa, a zamanin da ɗariku irin su Methodist suka riga suka dare gida biyu kan mallakar bayi. Dokar ta ce idan rarrabuwa ta auku a cikin ɗarika, jama'ar ikilisiya na iya kaɗa ƙuri'a su zaɓi reshen da za su bi, dukiya kuma ta bi masu rinjaye. Ba kowace jiha ke da irin wannan doka ba. Alƙali Randy Bellows na kotun gundumar Fairfax ya saurari masana tarihi, a 2008 ya yanke cewa lallai an samu rarrabuwa, dokar ta hau, kuma ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. A ƙarshen shekarar masu ficewa suka yi nasara, suka ci gaba da sujada a gininsu.

Ranar 10 ga Yuni 2010 kotun ƙolin Virginia ta rushe wannan hukunci, kuma dalilinta ya cancanci a tsaya a kansa. Ba ta musanta cewa ɗarikar ta rabu ba. Abin da ta ce shi ne, dokar 1867 na magana a kan zaɓi tsakanin rassan ɗarikar da ta rabu, wato ɓangarorin da suka fito daga jikinta. CANA kuwa ba daga jikin ɗarikar Episcopal ta fito ba. Cocin Nijeriya ne ya kafa ta, tana nan tun kafin ƙuri'ar, kuma Cocin Nijeriya coci ne daban mai cin gashin kansa. Saboda haka waɗannan mutane ba reshe suka zaɓa ba, wata ɗarika suka koma. Da a ce sun haɗu da sauran masu ficewa sun kafa nasu tsarin a cikin gida kafin ƙuri'a, mai yiwuwa da lissafin ya bambanta. To amma a 2006 babu irin wannan tsari da manyan rassan Angalika na duniya suka amince da shi, sai a watan Yunin 2009 aka kafa Cocin Angalika na Arewacin Amurka, ACNA, a Bedford ta jihar Texas. Abin da suke bukata don su ci gaba da zama 'yan Angalika na gaske, wato bishop daga reshen da kowa ya sani, shi ne abin da ya fitar da su daga inuwar dokar jiharsu. Ba na jin akwai hanyar da za su samu biyun a lokaci ɗaya a wancan Disamba.

Aka mayar da shari'ar hannun Bellows, wannan karon a duba takardu da tarihin mu'amala. Aka yi kwana 22 ana sauraron shaidu a 2011. Ranar 10 ga Janairu 2012 ya fitar da hukunci mai shafi 113, ya ba dayosis gine-ginen ikilisiyoyi bakwai da suka rage a shari'ar. Abin da ya kayar da su ba tauhidi ba ne, tarihinsu ne da kansu. Falls Church ce ta nemi a karɓe ta cikin dayosis a 1836. Shekara da shekaru tana aika wakilai taron dayosis, tana amfani da littafin addu'ar ɗarika, tana karɓar bishop ya zo tabbatarwa. Dokokin dayosis sun hana a sayar da keɓaɓɓen gini ko a ci babban bashi a kansa ba da izini ba, ita ma a ƙarƙashinsu take tafiya. Limamanta kuma kowannensu ya yi alkawari ranar naɗinsa cewa zai bi koyarwa da horo da tsarin sujadar ɗarikar. Dokar Dennis ta shekara 27 a littafi kafin su fice.

Ba gini kaɗai aka miƙa ba. Har da littattafan addu'a da na waƙoƙi, da kwaf da farantin jibin Ubangiji, da rigunan mawaƙa, da rajistar baftisma da ta aure, da kuɗin asusu kusan dala miliyan 2.8. A nan ne nake ganin masu ficewa sun fi cancantar a tausaya musu. Tun 2003 da yawansu suke ba da baiko da sharaɗin kada ko kwabo ya tafi dayosis, ga shi kotu ta tattara abin da ke asusun ta ba dayosis ɗin.

Su kuma 'yan tsirarun da suka ce a zauna, waɗanda ba a cika ba da labarinsu ba, shekara biyar suka yi suna sujada a wani ɗakin sama na majami'ar Presbyterian da ke tsallaken titi, suna hango ginin da aka yi wa 'ya'yansu baftisma. Ranar Ista ta 2012 suka koma tsohon ginin bulo. Ranar 13 ga Mayu Yates da dubban mutanensa suka yi sujadarsu ta ƙarshe a babban ɗakin suka fita. Ikilisiyoyi shida suka sasanta da dayosis. Truro ma haya aka ba ta ta ci gaba da zama a wurinta, bayan limaminta na lokacin, Tory Baucum, da sabon bishop ɗin Virginia, Shannon Johnston, sun ƙulla abota suna haɗuwa suna addu'a tare, abin da ya jawo wa Baucum suka daga nasa ɓangaren. Falls Church kaɗai ta ɗaukaka ƙara. Kotun ƙolin jihar ta tabbatar da mafi yawan hukuncin a watan Afrilun 2013, kotun ƙolin Amurka kuma ta ƙi sauraron maganar a watan Maris 2014.

Kada a ɗauka haka ta kaya ko'ina. A Texas kotun ƙolin jihar ta ba dayosis ɗin Fort Worth da ya fice dukiyarsa a 2020. A South Carolina aka raba, wasu ikilisiyoyi suka riƙe nasu, wasu suka mayar, gwargwadon abin da kowace ta taɓa rubutawa a takardunta. Ɗarika ɗaya, doka ɗaya ta 1979, amma sakamako ya danganta da jihar da gini yake. Inda ɗarikar ta yi nasara kuma ba kullum take da mutanen cika wurin ba. A Binghamton ta jihar New York, dayosis ya ƙi tayin ikilisiyar da ta fice, daga baya ya sayar wa wata cibiyar Musulunci ginin a kan dala 50,000, ƙasa da abin da tsofaffin masu wurin suka taya. Miliyoyin dalolin da ɓangarorin biyu suka ƙona wajen biyan lauyoyi kuwa, daga farantin baiko suka fito.

Mutanen Yates suka shiga yawon aro. Wata Lahadin a ɗakin taron makarantar sakandaren Katolika ta Bishop O'Connell, wata a majami'ar Baptist, wata a makarantar gwamnati, ana loda kayan sauti da littattafai a mota kowane mako. Ba su watse ba, sun ma kafa sababbin ikilisiyoyi a kewayen Washington a wannan tsakanin. A 2019 suka buɗe sabon gininsu a kan titin Arlington Boulevard, ba nisa da tsohon, a shekarar da Yates ya yi ritaya bayan shekara 40. Ikilisiyar Episcopal da ta gaji tsohon wurin ta girma a hankali, ba ta kai yawan waɗancan ba. A 2017 ta kafa allon tunawa da bayin da suka yi aikin ginin 1769, mutanen da a duk tsawon shari'ar wane ne ya gina, wane ne ya biya, ba a sa su a lissafi ba.

Zaman Virginia a ƙarƙashin Abuja bai daɗe ba. A 2011 ikilisiyoyin suka zama dayosis na ACNA mai bishop ɗinsa, John Guernsey. Zumunci da Nijeriya ya ci gaba ta hanyar GAFCON, ƙungiyar 'yan Angalika masu ra'ayin riƙau da aka kafa a Urushalima a 2008, wadda Akbishop Benjamin Kwashi na Jos ya zama babban sakatarenta daga baya, a daidai lokacin da wani bishop ɗin Arewa, Josiah Idowu-Fearon na Kaduna, ke riƙe da kujerar babban sakataren ƙungiyar Angalika ta duniya a Landan, wadda ba ta lissafa ACNA cikin rassanta. CANA kanta ta ci gaba da zama da ƙafa ɗaya a Nijeriya ɗaya a ACNA har zuwa Janairun 2019, lokacin da Cocin Nijeriya ya zaɓi sababbin bishop huɗu don aiki a Amurka ba tare da tuntuɓar ACNA ba. Shugabannin ACNA suka yi ƙorafi a fili cewa an shigo musu gida ba sallama. Aka zauna aka amince kowane dayosis na CANA ya zaɓi uwa ɗaya. Biyu suka zauna da Nijeriya, ɗaya ya bi ACNA.